Az-Zahrawi Da Raunin Da Ke Ɓoye A Cikin Kai

Ya ɗan'uwa mai karatu, shekara dubu da suka wuce an yi wani likita a Kurɗuba ta ƙasar Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya. Littafinsa At-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshensu a kan tiyata, kuma a ciki ya yi bayanin karayar ƙoƙon kai.

Ya nuna cewa akwai tsagewar ƙashi siririya kamar gashi, wadda ido ba ya gani sai an buɗe wurin an shafa tawada, sannan layin ya fito baƙi. Idan ƙashi ya karye yana barazana ga ƙwaƙwalwa, yakan cire shi da wani abin huji mai baki kewaye da tsininsa, don kada ya nutse ya taɓa tantanin ƙwaƙwalwa. Ya kuma lissafa alamomin hatsari: amai, gushewar hankali, ɗaukewar magana da suma. A ƙarni na 12 aka fassara kashin tiyatar zuwa Latin a Toledo, likitocin Turai suka daɗe suna koyo daga gare shi.

Tun 1971 na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT ta fara yin aikin tawadar nan, amma darasin yana nan: ƙanƙantar rauni a waje ba ta nuna girmansa a ciki. Wanda ya bugu a kai, ya yi amai, ko ya rikice, ko barci ya rinjaye shi, a gaggauta kai shi asibiti ko da jini bai fito ba. Allah Ya kiyashe mu, amin.