Funfuna a gidan haya: illarta ga lafiya da abin da ya kamata ɗan haya ya yi

Funfuna, wadda wasu ke kira hunhuna, wani nau'in naman gwari ce da ke fitowa baƙa, koriya ko fara a jikin bango, silin, katifa, takalma da tufafi. Ƙwayoyinta na yawo cikin iska a ko'ina, amma ba sa tsiro sai sun samu danshi. Duk abin da ya jiƙe aka bar shi kwana 1 zuwa 2 bai bushe ba, yana iya fara funfuna.

Matsalar ta fi kamari a biranen kurmi da na bakin teku. Ruwan saman da ke sauka a Duwala kan haura milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki shida na Yamai. A unguwanni irin su New Bell a Duwala, Briqueterie a Yawunde da Nima a Akra, inda Hausawa da dama ke zaman haya, gidaje a cunkushe suke, iska ba ta ratsa ɗaki sosai.

Illarta ga lafiya

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da funfuna a cikin gida, inda ta alaƙanta su da tari, numfashi mai ƙara, cututtukan hanyar numfashi da tashin asma. Wasu kan yi fama da atishawa, toshewar hanci da ƙaiƙayin ido ko fata. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai, tsofaffi, masu asma da masu raunin garkuwar jiki. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya ƙara kula, domin wata funfuna mai suna Aspergillus na iya zama cikin ramin da cutar ta bari a huhu. Idan tari ya wuce mako 2, ko ana ganin jini a majina, a je asibiti.

Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar da ita. Tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafawa ba ta kawar da ita.

Yadda ake tsabtacewa

Idan wurin bai kai murabba'in mita 1 ba, a buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a goge da ruwan sabulu, sannan a busar. Ana iya bi da ruwan jabel da aka sirka, amma kada a haɗa shi da wani maganin wanki, domin haɗin na fitar da iska mai guba. Katifa ko kwalin da funfuna ta ratsa ba sa wankuwa. A janye gado da akwatuna daga jikin bango, a daina shanya a ɗaki.

Shafa fenti a kai ɓata kuɗi ne. Muddin ba a toshe hanyar ruwan ba, za ta dawo.

Wa ke da alhakin gyara?

Ya danganta da inda danshin ya fito. Yoyon kwano, fashewar bututu, tsagewar bango da ruwan da ke tasowa daga tushen gini, manyan gyare-gyare ne. A ƙasashen da suka gaji dokar farar hula ta Faransa, irin su Kamaru da Nijar, mai gida ne ke da nauyinsu, ƙananan gyare-gyare da tsabta kuma na kan ɗan haya. A Ghana akwai dokar haya ta 1963 da ofishin kula da harkokin haya, inda ake kai ƙorafi.

Ɗan haya ya ɗauki hotuna, ya sanar da mai gida ko dillali a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ya ajiye takardun asibiti. Kada ya tsayar da biyan haya ko ya cire kuɗin gyara ba tare da amincewar mai gida a rubuce ba, don hakan na iya zama hujjar korarsa. Idan magana ta ƙi, a sa mai unguwa ko sarkin zango kafin a kai ga kotu.

Mai neman ɗaki kuwa ya duba gindin bango da kusurwar silin, ya yi hattara da sabon fenti a wuri guda, ya tambayi maƙwabta yadda gidan ke kasancewa da damina. Duk lahanin da ya gani a rubuta shi a takardar shiga gida kafin ya biya kuɗi.