Tapi, Kafet da Katifa: Tafiyar Sunan Darduma

Wanda ya je sayen darduma a Maraɗi ko Garwa zai ji mai shago yana cewa tapi. In ya ƙetare zuwa Kano sai ya ji kafet. Dukansu biyu baƙi ne a bakinmu, dukansu kuma ta bakin Romawa suka bi kafin su iso mu.

Helenawa suna da kalma, tapes, watau mayafi mai kauri na ulu da ake shimfiɗawa a kan gado ko kujera. Tana cikin waƙoƙin Homa, tun ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu. Waɗansu masana suna ganin Helenawan ma daga wajen Farisa suka samo ta. Romawa suka ara, ta zama tapete a Latinanci. Sa'ad da Jerom yake juya Tsohon Alkawari zuwa Latinanci a Baitalami, wajen shekara ta 400, ita ya ɗauka. A 2 Sama'ila 17:28, inda aka kawo wa Dawuda kayan kwanciya a Mahanayim lokacin da yake gudun Absalom, wannan kalma tana cikin kayan. Tana kuma cikin Karin Magana 7:16, a kan shimfiɗun gado na Masar. Mai karatu ya lura, duka wurare biyun kayan kwanciya ne, ba abin takawa da ƙafa ba.

Da Latinanci ya rarrabu, kowane ɗa ya ɗauki gādonsa. Mutanen Italiya suka ce tappeto, na Fotugal suka ce tapete. Tapis na Faransanci ya ɗan bi wata hanya dabam, gama daga Helenancin zamanin daular Kustantiniya ya shigo. Sai dai kuma ma'anar ta yi ta yawo cikin ɗaki. A gidajen dutse na Turai masu sanyi, irin wannan saƙa tana da tsada ƙwarai, ba mai yarda a tattaka ta da laka. A bango ake rataye ta, ko a lulluɓe tebur. Shi ya sa har yau in Bafaranshe ya ce an ɗora magana a kan tapi, nufinsa an kawo ta gaban masu shawara, domin teburin majalisa da tapi ake rufe shi. A Sifaniyanci tapiz na bango ne. A ƙasar Romaniya kuwa tapet ya koma takardar ado da ake manna wa bango, darduma kuwa covor suke ce mata, kalmar da suka aro daga Rashanci.

Kafet ma haka ta yi. Tushenta carpere, watau tsinka ko figewa a Latinanci, saboda zaren da ake tsefewa a saƙa zane mai kauri. Ingilishi ya karɓe ta daga tsohon Faransanci, da fari kuma abin rufe tebur ko gado take nufi. A Sifen yau carpeta ita ce jakar takardu ta ofis.

To, me ya sa mutumin Sifen yake ce wa dardumar ƙasa alfombra, alhali yana da kalmar Latinanci a hannu? Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar daga 711 har 1492, su ne kuma masu zama a ƙasa bisa shimfiɗa, su ne gwanayen saƙarta. Ko bayan da garuruwa suka koma hannun sarakunan Kirista, masaƙa Musulmi sun ci gaba da aiki, dardumar garin Alkaraz ta yi suna a ƙarni na 15. Kalmar Romawa ta tsaya a bango da tebur, ta Larabawa, al-hanbal, ta kama ƙasa. A ganina ba a yi wani shawara ba, mai saye ne ya kira kaya da sunan da mai sayarwa ya kira shi.

A Fotugal ma an sami irin wannan. Dardumar da ta rufe ɗaki daga bango zuwa bango alcatifa ce, daga Larabci al-ƙaɗifa, zane mai gashi-gashi mai laushi. Wannan kalma ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ta shigo Hausa daga Larabci ta zama katifa. A Lisbon ana taka ta da takalmi, mu kuwa a kan gado muka bar ta.