Asalin Kalma: Murjani

Murjani kalmar aro ce daga Larabci, marjan, wadda ta zo sau biyu a Suratur Rahman, aya ta 22 da ta 58. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya liƙa mata wasali a ƙarshe, kamar yadda ya yi wa alƙalami. Daga wannan kalma ta marjan sunan Murjanatu ya fito, wadda ake kira Murja.

Yaran da ke koyon shirya duwatsun ado sukan ɗauka murjani dutse ne da ake haƙowa. Ba haka ba ne. Ƙashin wata 'yar halittar teku ne, mai rassa kamar itace. Ja ɗin, wanda iyayenmu mata suka fi daraja, daga Bahar Rum yake, fatake suka riƙa keto Sahara da shi ta Gadamas har Kano.

Yau kusan duk jan dutsen wuya murjani ake ce masa, ko da gilas ne ko roba, abin kuwa yana damuna. Ina so malamar masu koyon shirya duwatsun ta ɗora wa yarinya na gaske a tafin hannu, ta ji sanyinsa da nauyinsa. Sannan ta gasa allura ta taɓa na roba, 'yan aji su ga ya lotsa yana ƙauri.