Asalin kiɗan Meziko: daga gangar Aztek zuwa La Bamba

Kiɗan Meziko tukunya ce da ke zaune kan duwatsun murhu uku: 'yan asalin ƙasar, Turawan Sifaniya, da bayin da aka kwaso daga Afirka.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Aztek suna da huehuetl, doguwar ganga da ake kafawa tsaye a kaɗa da hannu, da teponaztli, guntun kututture da ake rarake cikinsa a buga da sanduna. Da birninsu Tenochtitlan ya faɗi a 1521, Sifaniyawa suka shigo da jita da gogen Turawa da arpa mai tsirkiyoyi da yawa, limaman coci kuma suka shiga koya wa yara kaɗa su.

Tashar Veracruz ce ƙofar da jiragen ruwa suka riƙa sauke bayi daga Yammacin Afirka da yankin Kongo da Angola, ana kai su gonakin rake. A ƙauyukan wannan gaɓa aka haifi salon kiɗan son jarocho. Mawaƙi ya bayar, wani ya amsa, ana karta ƙaramar jita mai suna jarana, masu rawa kuwa su hau dandamalin katako suna dirka dugadugai, ƙafarsu ta tsaya a madadin ganga. A 1766 kotun cocin Katolika ta haramta waƙar El Chuchumbé saboda tana zambo ga limamai, amma talakawa ba su fasa taruwa a dandali ba.

Juyin juya halin 1910 ya raya corrido, waƙar da ke kai labarin jagororinsa Zapata da Pancho Villa gari-gari. Bayan ƙura ta lafa, gwamnati da silima da gidan rediyon XEW, wanda aka buɗe a 1930, suka ɗaukaka kiɗan mariachi na jihar Jalisco har ya zama fuskar ƙasar. Tarihin da aka riƙa karantarwa ya ce kakannin Meziko biyu ne, ɗan ƙasa da Bature. Aka mance da Baƙar fata.

Waƙa kuwa ba ta mance ba. La Bamba, wadda Ritchie Valens ya sake rerawa a Amurka a 1958 ta zagaye duniya, tsohuwar waƙar son jarocho ce. Sai a 2019 tsarin mulkin Meziko ya amince da 'yan ƙasar masu tsatson Afirka, kuma a ƙidayar 2020 kimanin mutum miliyan 2.5 suka ce su ne. Makaɗan Veracruz sun shekara ɗaruruwa suna ba da wannan shaida kafin doka ta saurare su.