Lada ko Kyauta? Muhawarar Agustin da Felajiyus

 Wannan makon za mu koma farkon ƙarni na 5.

Felajiyus, malamin Kirista ɗan Birtaniya, ya ga sakacin mabiya a birnin Rum. Sai ya koyar cewa mutum na iya guje wa zunubi da ƙoƙarinsa, tunda Allah ba zai umarce shi da abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ce sam. A wurinsa zunubin Adamu ya raunana zuciyar kowa, ko niyyar tuba ma Allah ne ke dasa ta. Abin da gumi ya sayo lada ne, ceto kuwa kyauta ne.

A 418 taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da koyarwar Felajiyus. Bayan kusan shekara 1,100, Martin Luther, ɗan zuhudu a ƙungiyar Agustin, ya sake tayar da zancen a Jamus.

Wannan kyautar ce Kiristoci Hausawa ke kira alheri. Kafin ka sa kalmar a bakin tauraron labarinka, ka san nauyin da ta ɗauko.