Sanda da Likkafani: Tarihin Hanyar Ziyara ta Shikoku

A ƙasar Japan akwai wani tsibiri da ake kira Shikoku, shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin manyan tsibiranta huɗu. Da zarar sanyi ya janye a watan Maris, itatuwa suka fara fure, sai a ga mutane sanye da fararen kaya, da malafa a ka, da sanda a hannu, suna bin gaɓar teku a ƙasa. Waɗannan su ne ake kira henro, wato masu ziyarar ɗakunan ibada 88 na addinin Buda da suka kewaye tsibirin. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 1,200, mai tafiya a ƙasa kuwa yakan share kwana arba'in zuwa sittin. A wannan maƙala za mu duba tarihin hanyar, mu ga su wane ne suka raya ta.

Mutanen wurin suna danganta asalinta ga wani malamin addininsu mai suna Kukai, wanda aka haifa a tsibirin a shekarar 774. Ya tafi ƙasar Sin neman ilmi a 804, ya komo a 806, ya rasu a 835. Kukai da kansa ya rubuta cewa ya yi zaman kaɗaici a Muroto, wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Amma masana tarihi sun nuna cewa tsarin wurare 88 bai kankama ba sai ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Kafin nan, 'yan tsirarun masu gudun duniya ne kaɗai ke bin wannan gaɓa.

Wanda ya buɗe wa talaka hanyar shi ne wani mai yawon ibada da ake kira Shinnen. A 1687 ya wallafa ɗan ƙaramin littafin jagora, inda ya jera wuraren ibadar da lambobinsu, ya faɗi nisan da ke tsakaninsu da gidajen da baƙo zai samu makwanci. Bai tsaya nan ba, sai da ya kakkafa duwatsun nuna hanya a mararraba. Daga nan manoma da mata da tsofaffi suka fara fitowa. Manomi ya fi son wannan lokaci na tsakanin sanyi da zafi, domin ya dawo gida kafin dashen shinkafa, kafin kuma ruwan watan Yuni ya tsinke. Har yau, a waƙoƙin haiku na Japan, idan mawaƙi ya ambaci henro, mai karatu ya san wane lokaci na shekara ake nufi.

Sai dai kada kyawun fure ya ruɗe mu. Fararen kayan nan a matsayin likkafani suke, sandar kuma ita ce alamar kabari idan ajali ya riski mutum a hanya. Da yawa daga matafiyan wancan zamani suna riƙe da takardar izini mai cewa idan sun mutu a binne su bisa al'adar garin da suka faɗi. Tsakanin wuri na 23 da na 24 akwai tafiyar kusan kilomita 75, teku a gefe guda, dutse a gefe guda. Kaburburan henro da ke gefen hanya har yanzu suna ba da shaida.

Haka kuma ba kowa ne ya fito don raɗin kansa ba. Akwai waɗanda talauci ya kora, akwai kuma kutare da danginsu suka sallama don gudun abin kunya. Irin waɗannan ba su da gidan komawa, sai su yi ta zagaya tsibirin har ƙarshen rayuwarsu. Hukumomi sun sha tsananta musu a matsayin mabarata. Dokar 1907 da ta 1931 sun sa aka riƙa kwashe kutare ana tsare su a keɓaɓɓun wurare, ba a kuma soke wannan tsari ba sai a 1996.

To, me ya riƙe waɗannan bayin Allah? Al'adar da ake kira osettai, wato kyautar da mutanen ƙauye ke yi wa matafiyi: ɗan abinci, ko lemo, ko takalmin ciyawa, ko wurin kwana. A ganinsu kowane henro tare yake tafiya da Kukai, saboda haka wanda ya ciyar da shi ya samu rabo a tafiyar. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A 1918 wata budurwa mai shekara 24, Takamure Itsue, ta bi hanyar a ƙasa, tana aika wa wata jarida labarin tafiyarta kashi-kashi. Ta kwana tare da mabarata da marasa lafiya, ta rubuta abin da idonta ya gani. Daga baya ta zama fitacciyar mai binciken tarihin matan Japan. A 1953 aka fara kai maziyarta a motar bas, yanzu ma mafi yawansu a mota suke zagayawa, ko da yake masu takawa ba su ƙare ba, har da baƙi daga ƙasashen waje.

Idan muka tattara, sunan Kukai ne a kan hanyar, amma ƙafar talaka ce ta shimfiɗa ta, akushin ƙauye ya ciyar da ita. Ba don Shinnen ya ƙirga nisa ya rubuta ba, ba don Takamure ta kula da wanda ke kwance kusa da ita ba, da labarin manya kaɗai zai iso gare mu. Ya kamata mu masu riƙe da alƙalami mu tuna da wannan duk lokacin da muka zauna rubuta tarihi.