Daga Motar Kara Zuwa Wasan Kwamfuta: Tarihin Wata Hanyar Koyarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Birnin Tsaba, ko Zurmi, ko Shinkafi, ya san abin da yara kan yi da kaka idan an gama yankan dawa. Za ka tarar da su gungu-gungu a gindin bishiya, kowa da tarin kara a gabansa, ana ɓare ɓawo, ana yanka totuwa, ana feƙe sakaina ko tsohon silifa domin a yi taya. Ba malamin da ya ba su wannan aiki, ba kuma mai ba su maki. Amma yaro zai wuni a kan motarsa, in taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma motar ta riƙa karkacewa, ya cire ya sake, har sai ta miƙe. Na fara da wannan ne domin abin da zan kawo tarihinsa a wannan maƙala, watau koya wa yara rubuta wa kwamfuta umarni ta hanyar sa su ƙera wasanninsu da kansu, a kan wannan hali na yaro aka gina shi, ko da yake a ƙasashen Turawa aka fara.

Mutumin da ya kafa harsashin abin shi ne Seymour Papert, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu cikin 1928, ya mutu cikin 2016. Masanin lissafi ne, ya kuma yi shekaru a Jeniba yana aiki tare da Jean Piaget, shahararren mai nazarin yadda hankalin yaro yake girma. A littafinsa mai suna Mindstorms, na 1980, Papert ya ba da labarin cewa tun yana ƙarami giyar mota ta shiga ransa, yadda haƙoran wannan suke juya na wancan, kuma da ya shiga makaranta da hoton giyar nan ya riƙa gane lissafi. Watau shi ma ɗan motar kara ne irin na garinsu. Daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa yaro ya fi koyo idan yana gina wani abu da yake so, wanda zai iya nuna wa abokansa. A zamanin nan masu son shigar da kwamfuta makaranta so suke ta zama mai yi wa yaro tambaya tana duba amsa. Papert ya ce a juya abin, yaro ya zama malami, kwamfuta ta zama ɗaliba.

Cikin 1967, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙago wani harshen kwamfuta na yara mai suna Logo, a Amurka. Bayan 'yan shekaru aka haɗa masa wata ƙaramar na'ura mai taya da alƙalami a cikinta, wadda suka kira kunkuru. Yaro zai rubuta mata: yi gaba taki 100, juya dama digiri 90. In ya ce ta maimaita haka sau 4, sai ta zana murabba'i a kan takarda. To yaya za a yi da'ira? A nan daɗin abin yake. Sai a ce wa yaron ya tashi ya zagaya da ƙafarsa, ya lura da abin da jikinsa yake yi. Zai ga ashe taki kaɗan yake yi ya ɗan juya, taki kaɗan ya ɗan juya. Ya koma ya rubuta: gaba 1, dama 1, sau 360. Ga da'ira ta fito, ba wanda ya sa shi haddar ƙa'ida. In kuwa zanen ya fito a karkace, ba bulala. Sai ya bi umarninsa layi-layi ya nemo inda ya ɓata, kamar dai mai gyaran tayar sakaina.

A gefe guda kuma wasa ya shigo ta wata ƙofa da malamai ba su shirya ba. Tun 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz suka fito da harshen BASIC a Kwalejin Dartmouth domin ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba. Da ƙananan kwamfutoci na gida suka yawaita, irin su BBC Micro ta 1981 da ZX Spectrum ta 1982 a Ingila, sai mujallu suka riƙa buga umarnin wasanni shafi-shafi. Yaro ya zauna ya kwafe da hannu, harafi ɗaya ya kuɓuce wasa ya ƙi tashi, dole ya nemo kuskuren. In ya tashi kuma, sai ya fara taɓe-taɓe: ya ƙara wa kansa rayuka, ya rage wa abokin gaba gudu. Da yawa daga cikin manyan masu wannan sana'a a Turai ta haka suka koya.

Wadda ta mai da ƙera wasa darasi sosai a aji ita ce Yasmin Kafai, ɗalibar Papert... ko in ce ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa a jami'ar MIT. A wata makarantar firamare ta Boston ta sa 'yan aji huɗu suka yi wata shida kowa yana ƙera wasansa da Logo, da sharaɗin wasan ya koya wa ƙannensu lissafin rabi da sulusi da rubu'i. Ta buga sakamakon cikin 1995. A ganina hikimar tana ga sharaɗin nan. Wanda zai koya wa ƙanensa sulusi tilas ya fara gane shi, kuma ƙane ba ya jin kunyar cewa wasanka ba daɗi.

Mai karatu zai ce, to mu nan Afirka fa? Abin ya iso da wuri fiye da yadda ake zato. Cikin 1982, wata cibiya da gwamnatin Faransa ta kafa a Faris, wadda Papert da Nicholas Negroponte suke cikin shugabanninta, ta kai kwamfutoci ƙirar Apple II birnin Dakar na Senigal, aka fara gwada Logo da yaran firamare. Yaran sun kama abin, amma rikicin shugabanci ya sa mutanen biyu suka bar cibiyar, ita ma ba ta yi tsawon rai ba. A Nijeriya kuwa, cikin 1988 gwamnatin tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojinta. Sai dai a wurare da dama darasin ya tsaya ga allo da alli: a zana kwamfuta, a haddace sunayen sassanta, a ci jarrabawa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Papert ya tashi yaƙa.

Negroponte bai haƙura ba. Cikin 2005 ya sanar da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa ta cinya mai arha, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har ana maganar miliyan ɗaya. Cikin 2007 aka raba wa yaran makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, 'yan korayen kwamfutocin nan domin gwaji. Ba a je ko'ina ba matsaloli suka taso: ga ƙarancin lantarki, ga lalacewar na'urori, ga malamai da ba su sami isasshen horo ba, ga ƙorafin yara suna buɗe hotunan banza a intanet. Gwamnati ta canja a shekarar, wani kamfani kuma ya kai ƙara kotu a Ikko a kan tsarin maɓallan rubutun. Miliyan ɗayan nan ba ta zo ba. Ƙasar Peru ita ta sayi dubban ɗaruruwa, amma binciken da aka buga cikin 2012 a kan makarantun karkara 319 bai ga ƙarin ƙoƙari a lissafi ko karatu ba. Ni dai ban ga laifin ra'ayin Papert a nan ba. An kai kaya ne aka sauke, aka manta da mai zama da yaro ya tambaye shi me yake son ginawa.

A shekarar nan ta 2007 kuma Mitchel Resnick da abokan aikinsa a MIT suka saki Scratch, jikan Logo, domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Sun lura cewa abin da yake karya gwiwar mai koyo shi ne kuskuren harafi, saboda haka suka mai da umarni tubala masu launi waɗanda ake ja a haɗa, wanda bai dace da wani ba ya ƙi shiga. Kyauta ne, yana aiki ko ba intanet, an kuma fassara shi cikin harsuna da dama. Bari in ba da misali. A ce yarinya tana son wasan shirwa da ɗan tsako. Domin shirwa ta yi ta shawagi, sai ta koyi maimaici. Domin wasa ya ƙare in shirwa ta taɓa tsako, sai ta koyi sharaɗi: in kaza ya faru, a yi kaza. Domin a ƙirga ƙwayar geron da tsako ya tsattsaga, sai ta buɗe wani ɗan rumbu mai suna, lamba tana ƙaruwa a ciki. Filin wasan kuma daga 240 a dama yake zuwa 240 ƙasa da sifiri a hagu, saboda haka ranar da ta so tsakonta ya gudu hagu, ranar za ta haɗu da lambar da ba ta kai sifiri ba, tun kafin malamin lissafi ya kawo ta. Tun daga 2015 shirin Africa Code Week, wanda kamfanin SAP ya fara, ya yi amfani da Scratch wajen horar da malamai da yara a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya.

Mu dawo gida. Ƙaura Namoda ba baƙuwar fasaha ba ce: jirgin ƙasa ya iso ta cikin 1929, an kuma kafa mata kwalejin fasaha ta tarayya cikin 1983. Amma zai zama rashin gaskiya a yi zancen yaran wannan yanki ba a ambaci tsaro ba. Cikin Satumba 2021, saboda satar ɗalibai da hare-haren 'yan bindiga, aka rufe makarantun Jihar Zamfara, aka kuma katse layukan waya da intanet na tsawon makonni. Duk tsarin koyarwar da ya rataya ga intanet a ranar ya mutu.

Saboda haka ne nake ganin reshen tarihin nan da ya fi kusa da mu shi ne wanda Tim Bell na Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan da abokansa suka fara cikin shekarun 1990, watau koyar da dabarun kwamfuta ba da kwamfuta ba, da kati da igiya da tsalle-tsalle a fili. Mu kuwa muna da dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. A ce wa yaro ya rubuta dokokinta dalla-dalla domin wani baƙo wanda ba ya gane komai sai abin da aka faɗa masa. Nan da nan zai rubuta cewa in an jera uku a ci. Sai abokinsa, wanda yake matsayin kwamfuta, ya jera uku a karkace ya miƙa hannu zai ci, gardama ta tashi, mai rubutu ya ga ashe bai faɗi cewa jerin a miƙe ake nufi ba. Ya gyara. Can kuma a jera huɗu, a sake tsayawa, domin bai rubuta cewa huɗu ba ta ci ba. Yaron da ya sha wannan gardama sau uku ko huɗu, ranar da ya sami kwamfuta, ko da ta malaminsa ce ana cajinta da hasken rana ana karɓa-karɓa su goma, tubalan kawai za a nuna masa.